Baƙin Layi a Farcen Mahbuba

"Raliya, ki ƙunsa mini lalle."

Raliya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba da juya kunun da ke cikin kofi, alhali ya daɗe da hucewa. Mahbuba na kwance a tabarma a inuwar dogonyaro, ta miƙo hannun dama mai yatsu huɗu. Babban yatsan an yanke shi a Sakkwato wata biyar da suka wuce.

"Da ke nike, kurma. Dubi akaifuna, sun yi fari tas, sai ka ce na namiji."

"Yaya, sha kunu dai. Mi za ki yi da lalle yanzu?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Illela, gajeriya, har ana miƙa garwashi ta kanta. Shekara goma sha ɗaya Raliya ce mai ƙunshin Mahbuba. Ita kuwa Mahbuba 'yar kasuwa ce, atamfa take ɗauka ta tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ta Nijar, kuma mace ce mai son gayu na ƙin ƙarawa. Cewa take hannun da zai buɗe wa mutane turmin zane bai kamata a gan shi fari ba.

A wajen ƙunshin ne Raliya ta fara ganin abin, shekara uku baya. Wani siririn layi baƙi a farcen babban yatsa, daga gindi har baki.

"Ƙyaure ya datse ki?"

"Oho. Ni dai rufe mini shi, muni gare shi."

Ta rufe shi kuwa. Ta ƙara lemun tsami a kwaɓin, ta yi ƙunshi biyu a jere har farcen ya yi ja ya koma baƙi-baƙi. Mahbuba ta ɗaga yatsan tana dariya, ta ce, "Kai, hannunki da albarka!" Raliya ta ji daɗin yabon nan, wallahi ta ji. Abin da ke cin ranta ke nan har yau.

Farce na tsirowa, layin na fitowa tare da shi, kullum ya fi na da faɗi. Duk sanda ya leƙo, Raliya ta bi shi da lalle. Ummu, ɗiyar Mahbuba mai karatun jinya, ta zo hutu ta riƙe yatsan ta daɗe tana dubawa.

"Inna, baƙin ga ya hau kan fata. A tafi Sakkwato likitan fata shi gani."

Raliya ce ta fara dariya. "Sakkwato saboda akaifa? Ummu, karatun naki ya fara yawa."

Da farcen ya tsage yana tsattsafo da jini, unguwa ta ce karkare ne, kumburin yatsan nan da aka sani. Aka huda lemun tsami aka zura yatsan, aka yi turare, aka shafa man shanu. Sai da ƙullutu ya fito mata a hammata sannan aka nemi mota. Raliya ta yi rakiya. Likitan ya juya yatsan a ƙarƙashin fitila, ya tambayi yaushe launin ya fara canzawa. Mahbuba ta ce ba ta sani ba, kullum da lalle yake.

"Ba kowane layi ne cuta ba, Hajiya," in ji shi. "Amma wanda ke faɗi a farce ɗaya, har ya taɓa fata, da wuri muke son ganinsa. Ciwon daji ne, kuma ya yi tafiya."

Bai tambayi mai ƙunshin ba. Raliya ta cusa hannayenta cikin hijabi, tafukanta jawur. Tun daga ranar ba ta sake kwaɓa lalle ba, ko na amare.

Yanzu ga Mahbuba ta kafe ta da ido daga tabarma.

"Na san abin da ke ranki. Ni nac ce ki rufe. Ke kinka halicci ciwon?"

"Ni na yi wa Ummu dariya, Yaya."

"To, ni ma na yi. Ki ƙunsa mini. Ban son a zo gaishe ni a ishe ni haka."

Raliya ta dubi yatsun nan huɗu da suka rame, ta ji ba za ta iya ba. Ta ce, "Gobe, in Allah ya kai mu." Mahbuba ta yi ɗan tsaki irin nata na wasa, ta juya fuska wajen katanga.

Washegari da hantsi Raliya ta daure. Ta daka ganyen, ta tankaɗe sau biyu yadda Mahbuba ke so, ta kwaɓa a ƙaramar tasa. Ta ɗora tasar a kan katanga, ta shiga ɗaki ɗauko tsummokaran ɗauri. Tana durƙushe gaban akwati ta ji muryar Ummu ta tsallako, tana salati, tana maimaitawa.

An kai Mahbuba bayan azahar. Mata suka cika gidajen biyu, ana miƙa tabarmi da butoci ta kan katanga, kowa na kauce wa tasar, ba wanda ya tambayi ta wace ce. Da la'asar, da Raliya ta je saukewa, lallen ya bushe ya tsattsage, da shatin yatsanta a tsakiya, inda ta gwada kaurinsa.