Askin Bariki

Kai na huɗu ke nan a hannun Mai Aski lokacin da igwa ta sake tashi, madubin shagon ya girgiza har ya karkace. Bai tsaya gyara shi ba. Ya danne kan wani Sajan da hannun hagu, ya ci gaba da jan aska daga goshi zuwa ƙeya, babu sabulu, sai ɗan ruwan buta. Tun asuba 'yan tawaye suka afka wa barikin da ke ƙarshen titi, kafin hantsi an ce sun ƙwace ma'ajiyar makamai, sojojin gwamnati kuwa kowa ya yi ta kansa. Kaki ba shi da wuyar tuɓewa, kwatar bayan shagon ma ta cika da shi. Amma kai ba a tuɓe shi. Shi ya sa suke faɗowa shagon ɗaya bayan ɗaya, wani da singileti, wani da rigar aro, kowa yana roƙon a yi masa tal kwabo.

Shekara ashirin da shida yana aski a bakin barikin nan, kuma aski ɗaya tak ya iya: a kwashe gefe da ƙeya sumul, a bar ɗan tudu a sama, a ja layi a miƙe. Mutanen unguwa suna yi masa tsiya, wai ko jariri aka kawo masa sai ya fita da kan kurtu. Shi kuwa yakan ce hannun da ya saba ba ya jin magana.

Sajan ya fi shekara goma yana zama a kujerar nan kowace Asabar. Shi ne ya ɗauki matar Mai Aski a motar soja ya kai ta asibiti, ran da ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar dokar hana fita. Mutumin da in ya daka tsawa sai kurata su nemi wurin ɓuya, yau ga shi yana tambaya ko za a gane shi. Mai Aski ya ce ko mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba. Ƙarya yake yi. Fatar kan ta fito fari fat, fatar da ba ta san rana ba. Ya ɗebi toka ya murza masa, ya tura shi ta ƙofar baya.

Bai ko goge askar ba sai ga maƙwabcinsa mai shayi ya faɗo yana haki. Ya ce 'yan tawaye sun tare tashar mota, suna cire wa maza hula. Mai askin bariki da mai sabon tal kwabo duk gefe guda ake ware su. Sannan ya dubi cikin shagon, ya ce, "Ina Auta?"

Auta ɗan Mai Aski ne, shi kaɗai Allah ya bar musu cikin huɗu. Shekararsa ashirin da bakwai, yana kwaɓa fulawa a gidan burodin da ke bayan tasha, bai taɓa riƙe ko bindigar wasa ba. Shekaranjiya da yamma ya zauna a kujerar nan, ubansa ya yi masa askin da yake yi masa tun yana rarrafe. Yau kuwa tun kafin harbin farko ya fita aiki, kai babu hula.

Matarsa tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Maigida, kai ka yi masa kan nan," ta ce. "Je ka dawo min da shi."

Ya naɗe askar ya jefa a aljihu, ya fita. Titin da ya sani kamar tafin hannunsa ya zama baƙo. Wata babbar motar soja tana ci da wuta a gaban kantin magani, ga takalmin soja guda ɗaya a tsakiyar kwalta, ga wani kwance rub da ciki a bakin famfo, ruwa yana ta zuba a kansa. Mai Aski ya kawar da ido, amma ya riga ya gane ƙeyar. Gidan burodi a buɗe yake, babu kowa, sai ƙaurin burodin da ya ƙone a tanda. Yana juyowa ya ji bakin bindiga a haƙarƙarinsa. Da 'yan tawayen suka laluba aljihunsa suka ga aska, ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi ko shi ne mai askin bakin bariki. Ya ce shi ne, suka tasa ƙeyarsa zuwa tasha.

A filin tasha, inda motoci suke lodi, an zaunar da maza kusan arba'in a ƙasa, layi uku, hannuwa a baya, rana tana dukan kawunansu. Daga nesa ya hango Auta a layi na biyu, har yanzu da fulawa a damatsansa. Kusa da shi kuwa Sajan ne, gumi ya wanke tokar ta gangaro masa a wuya.

Wanda suke kira Kwamanda siririn mutum ne mai tabarau, yana zaune a kan bencin masu yankan tikiti, maganarsa a hankali kamar ta malamin makaranta. Har gaishe shi ya yi, ya kira shi Baba. Ya ce matsalarsa ƙarama ce: askin nan ya zama yayi, direbobi suna yi, 'yan makaranta suna yi, shi kuwa kafin la'asar dole ya wuce gaba, ba shi da lokacin bincike. In ba a ware masa sojoji ba, duk arba'in ɗin za su shiga waccan motar. Mai Aski ya dubi motar. Ta riga ta yi sawu ɗaya zuwa bayan tasha, an ji harbi, ta dawo babu kowa.

"Ranka ya daɗe, wancan ɗana ne. Burodi yake yi. Dubi hannunsa."

"Yau kowa ɗan wani ne, Baba." Kwamanda ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Cikin mutanen nan akwai biyar da na sani har sunansu. Ba zan gaya maka su wane ne ba. In ka tsallake ɗaya, na san maƙaryaci ne kai, maganar ɗanka ma ƙarya ce."

Gaba kura, baya sayaki. Mai Aski ya so ƙwarai a ce bai san su ba, amma ina! Fuska tana iya ɓace masa, ƙeya kam ba ta ɓace masa. Ya bi ta bayan layin farko. Ga mai tabon ƙuna a bayan kunne, Kofur ne na ɗakin girki. Ga mai ƙeya ninki biyu, direban tanka. Ga wanda yake yi wa aski a hankali saboda ƙurajen da ba sa warkewa. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi in ya gama wa mutum aski: ya ɗan dafa kafaɗa, alamar a tashi. Duk wanda ya dafa, sai a finciko shi. Wani ya zage shi ta uwa ta uba. Wani ya tashi salin alin, wannan ya fi yi masa ciwo.

Sojoji tara ya gani cikin arba'in, kuma bai san waɗanne ne biyar ɗin ba. Yana tafe yana gaya wa zuciyarsa cewa mutum talatin da ɗaya yake ceta. Zuciyar ta ƙi karɓa, don ta san mutum ɗaya ya zo nema.

Ya iso bayan Sajan ya tsaya. Ga ɗan yankan da askarsa ta yi masa da safe, jinin bai gama bushewa ba. Sajan bai waiwayo ba, sai dai wuyansa ya sandare. Ta gefe, ba tare da ya ɗaga kai ba, Auta ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, wuce. Shi ya kai Mama asibiti."

Mai Aski ya ɗaga ido. Kwamanda yana kallonsa ta saman tabarau. In akwai mutum ɗaya da za a sani har sunansa a barikin nan, ai Sajan ne. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa. Kafaɗar tana da zafi, jiƙe da gumi.

Da aka gama, aka loda waɗanda ya dafa a motar, aka sallami sauran. Ɗan tawayen da ya raka su bakin tasha yana ta dariya, ya ce lallai tsohon nan ya yi aiki. Wai Kwamanda yau ya fara sa ƙafa a garin, ko sunan tashar bai sani ba, balle sunan soja biyar. Ba su kai kantin magani ba suka ji harbin daga bayan tasha. Mai Aski bai so ya ƙirga ba, amma ya ƙirga.

Auta ya yi gaba, uban yana binsa a baya har gida. Uwar ta rungume ɗanta tana shafa shi tana hamdala, ta tambayi yadda aka yi suka sake shi. Auta ya zame jikinsa, ya shiga shago, ya gyara madubin da ya karkace, ya zauna a kujera yana kallon kansa. Ya ce a kwashe shi duka, ba ya son ya ƙara ganinsa.

Mai Aski ya jawo buta, ya ɗauko wata aska daga aljihun tebur, ya zagayo bayan ɗansa. Yana miƙa hannun hagu zai dafa kan, sai Auta ya kauce.

"Ba ni askar, Baba," ya ce. "Zan yi da kaina."