Saƙon da Ya Ƙi Tsayawa

Kamfanin ɗaki biyu ne a bene na uku, a saman wani shagon sayar da taya. Su huɗu ke aiki a ciki, amma duk manhajar da ta lalace teburin mutum ɗaya ake kai ta, wadda kowa ke kira Injiniya. Shekararta shida a kan kujerar nan mai karyayyen hannu, tana gina wa makarantu da ƙananan asibitoci manhajojin intanet.

Tsarin da suke gini da shi kashi uku ne. Akwai modal, inda bayanai ke zaune da ƙa'idojinsu. Akwai fuska, abin da mutum ke gani a allo. Sai kwantirola, mai kai-komo tsakaninsu. Injiniya kan gaya wa sababbin ma'aikata cewa kowane kashi ya tsaya a aikinsa, kada a ɗora wa fuska abin da modal ya kamata ya sani. Ta faɗa har ta gaji da jin muryar kanta.

Ranar Litinin da hantsi, tana fama da shafin wata makaranta da shugaban makarantar ya canza wa launi karo na biyar, wata dattijuwa ta turo ƙofa. Ta daɗe riƙe da ƙofar tana mayar da numfashi kafin ta yi sallama. Manaja ya leƙo daga ɗakinsa, ya ji ta ambaci asibitin masu ciwon sukari, ya nuna mata teburin Injiniya da haɓa, ya koma ciki.

Injiniya ta ba ta kujera. Dattijuwar ta kwance bakin mayafinta, ta fito da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ta ce ta mijinta ce. Tela ne, ya rasu wata bakwai da suka wuce, ita kuma tata wayar ta mutu, shi ya sa take riƙe da tasa. Duk farkon wata sai saƙo ya shigo da sunansa, wai yana da ganin likita ranar Laraba, kada ya ci komai kafin ya zo. Sau uku tana zuwa asibitin. Kowane zuwa ma'aikaciyar da ke zama a kantar karɓar marasa lafiya sai ta juyo mata da allo ta nuna mata cewa sunansa ba ya ciki. A zuwa na ƙarshe ne aka rubuta mata adireshin masu kwamfuta a takarda.

Injiniya ta yi mata ta'aziyya, ta buɗe manhajar asibitin. A ranta ta riga ta ɗora laifin a kan Dogo, abokin aikinta da ya bar kamfanin bara, wanda ya saba cusa komai a wuri ɗaya kamar mai haɗa kayan tafiya cikin gaggawa. Ta duba modal, sunan telan na nan daram, da lambar wayarsa. Ta duba fuska, ta ga layi ɗaya da ke cewa kada a nuna duk wanda aka danna wa maɓallin ɓoyewa. Shi kuwa ɓangaren da ke aika saƙo ba ruwansa da fuska, daga modal yake ɗiba kai tsaye. A saman layin akwai 'yar tunatarwa: na wucin gadi ne, zan gyara. Ta duba wanda ya rubuta. Ita ce.

Sai ranar da ta rubuta shi ta dawo mata. Likitan asibitin ya nemi hanyar cire mutum daga jeri ba tare da an goge tarihinsa ba, Manaja ya ce a gama kafin a tashi, ita kuma 'yarta na gida da zazzaɓi. Minti goma ta yi ta rufe kwamfuta.

Ta cire lambar telan daga jerin aikawa da hannunta, sannan ta juyo.

"Mama, ba zai sake zuwa ba. Kuma ba laifin asibiti ba ne, ni ce na bar aikin rabi."

Dattijuwar ta dube ta ba fushi. "'Yata, ni ba mai laifi na zo nema ba. Na gaji ne kawai. Duk wata sai na ji kamar in tashe shi ya shirya."

Ta nemi ruwa, ta sha rabin kofi, ta ce benen nan nasu ba a yi shi don masu gwiwa irin tata ba. Injiniya ta riƙe mata hannu har ƙasa, ta tsaya a bakin shagon taya sai da ta ga ta hau mota.

Da ta dawo ta ƙirga waɗanda aka ɓoye. Mutum sittin da ɗaya.

Ta shiga wurin Manaja ta yi masa bayani. Ya saurara yana danna waya, ya ce ai abin da sauƙi, ta hana saƙo zuwa ga duk wanda aka ɓoye, layi ɗaya ne, ta koma kan launin makaranta. Ita ma haka ta so. Amma ta kira ma'aikaciyar asibitin tukuna ta tambaye ta su wa take ɓoyewa. Ma'aikaciyar ta ce mamata, da waɗanda suka koma wani asibiti, da kuma duk wanda ya daɗe bai zo ba, don jerin ya yi mata tsawo. Wato cikin sittin da ɗayan nan akwai masu rai da suka yi sakaci da magani, waɗanda su ne ma suka fi kowa buƙatar a tuna musu. In ta bi ta Manaja, su za ta yanke.

Manaja ya ce to ta yi yadda ta ga dama, amma ba a lokacin aikin makaranta ba.

Saboda haka lokacin cin abincinta ya tafi. Kwana huɗu tana hawa mota zuwa asibitin da tsakar rana, ta zauna a kan benci bayan kantar, tsakanin ma'aunin nauyi da kwandon shara, ita da ma'aikaciyar suna zaro fayil ɗaya bayan ɗaya daga kabad. Wasu an rubuta ya rasu a bango da jan biro. Wasu ba a rubuta komai ba, sai an kira. Ma'aikaciyar ce ke kira, Injiniya na riƙe da takarda tana jira. Wani ya ɗauka ya ce yana nan lafiya lau, sukarin ne ya gaji da shi ya tafi, suka yi dariya. Wata ta ce mahaifiyarta ce, ta cika tun watan uku, saƙon kuwa ta daina buɗewa. Wani mutum ya ce ɗansa ne, ya kashe wayar. Bayan wannan kiran ma'aikaciyar ta ce a bari sai gobe.

A gida maigidanta ya lura ba ta cin abincin kirki. Ta ba shi labari tana wanke kwanon 'yarsu. Ya ce ita fa ba ta kashe kowa ba. Ta ce ta sani. Ya ce to mene ne na ɗaure fuska? Ta ce bayanta ne ke ciwo, wanda shi ma gaskiya ne.

Goma sha tara ne suka rasu. Tara sun koma wani wuri. Shida ba a same su ba sam. Sauran suna raye.

Gyaran kansa bai kai wahalar kiran waya ba. Ta ƙara wa modal gurbi guda da zai faɗi halin mutum: yana zuwa, ya daɗe bai zo ba, ya koma wani asibiti, ya rasu. Ta sa ƙa'idar a nan, yadda fuska da ɓangaren aika saƙo duk za su tambayi wuri ɗaya. Ta gyara kwantirola ya daina karɓar ɓoyewa ba dalili. Ta rubuta gwaji guda bakwai, na farkonsu yana tabbatar da cewa mamaci ba ya samun saƙo, ta zauna tana kallo har duk suka wuce. Shidan da ba a samu ba ta daɗe a kansu. A ƙarshe ta bar su cikin masu karɓar saƙo, ta rubuta wa likitan sunayensu, don ba ta ga yadda za ta yanke musu hukunci daga kan kujera ba.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya, da yamma, ta ɗora sabon aikin. Ba abin da ya motsa a ofis. Na teburin gefenta na cin biskit yana kallon ƙwallon jiya a ɓoye.

Tana haɗa jaka ma'aikaciyar asibitin ta kira. Ta ce likita na ƙorafi, da danna ɗaya ake cire mutum, yanzu sai an danna uku, ko za a iya mayar da shi yadda yake? Injiniya ta ce a'a, ba za a iya ba. Ta ce za ta duba ko ya koma danna biyu.

A mota ta samu kujerar taga, ta ɗora jakar kwamfutar a cinya, ta rungume ta. Barci ya ɗauke ta kafin su wuce gada. Sai da direba ya kashe mota a tashar ƙarshe ya ce mata an iso, ta farka ta ga ta wuce unguwarsu da nisa. Ta sauka, ta tsallaka titi, ta shiga layin masu jiran motar komawa.