Ranar da Motar Baba Ta Tashi

Auta na durƙushe yana goge bambar gaban motar da tsumma, tumbinsa na tokare masa numfashi, Baba kuma na zaune a kujerar roba yana nuna masa da sanda duk inda ya tsallake. Auta ya haura hamsin, sanƙonsa ya fi bonet ɗin sheƙi, amma a gidan nan har gobe shi yaro ne, kuma har gobe bai iya wanke mota ba.

Motar ta girme shi. Tun da likita ya hana Baba tuƙi take jibge a kan duwatsu, kaji na ƙyanƙyasa a kujerar baya. Da ciwon ƙodar Baba ya yi tsanani, asibiti ya zama wurin zuwa kowane mako, sai yayyen Auta suka yanke shawara ta waya: a gyara ta, a sayar wa wani mai tara tsoffin motoci don a sami kuɗin magani. Gaya wa Baba kuma suka bar wa Auta, tunda a cewarsu shi ne ɗan lele. Shi ko ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Aka sa tayoyi, aka yi fenti, bakanike ya lallaɓa injin har ya yi tari ya tashi. Ranar nan Baba ya ci abinci har da neman ƙari. Ya riƙa lissafa abokan da zai kai wa ziyara, rabinsu kuwa sun daɗe a ƙasa. Auta ya ce to.

Da hantsi mai sayen ya iso, saurayi fes da shi, yana ƙamshin turare. Auta ya ce wa Baba sabon bakanike ne, zai ɗan zaga da ita ya ji lafiyarta. Baba ya dubi faratan saurayin, ya dubi fararen takalmansa. Sai ya dogara sanda ya tako har bakin tagar motar, ya shiga yi masa bayani: ya taka totur sau biyu kafin ya murɗa makulli, kar ya yi wa giya ta biyu dole, kar kuma ya bar ta a rana, ba ta saba ba. Saurayin ya riƙa cewa to, Baba.

Motar ta fita a hankali, ƙararta na raguwa har ta ɓace.

"Tun ranar da ka wanke injin na gane," in ji Baba, bai juyo ba. "Ba mai wanke injin mota don kansa."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya tsaya yana murɗa tsumman da ke hannunsa.

Baba ya ce, "Idon nan ba ya kaiwa bakin titi. Da ta sha kwana, ta yi kyau?"

Auta bai gani ba. Kansa na sunkuye tun da ta motsa.

"Ta yi kyau, Baba."

"Bai yi mata dole ba?"

"Bai yi ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya miƙo masa hannu a kai shi ciki.