Rabon Maigida

Wana Dalhatu mahauci ne a kasuwar Kurfi, kuma abin da bai sayu ba na kayan ciki gida yake komawa. A gidansa kuwa doka ce: hanta da ƙoda rabon maigida ne. Matarsa Batula ta soya, ta barbaɗa yaji, ta rufe a kwanon da ko yaro bai isa ya leƙa ba. Tun aurensu haka ake yi kullum.

Da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ya ce sanyi ne. Ya dinga afa ƙwayoyin kemis kamar gyaɗa. Mutum da taurin kan tsiya! Sai da ƙafafu biyu suka kumbura, fitsari ya ragu, sannan na murtuke fuska na ɗora shi a babur zuwa asibiti a Dutsin-Ma.

Likitar ta duba sakamakon jini, ta ce, "Baba, akwai wani sinadari, yurik asid, da jiki ke samarwa, kayan ciki kuma suna ƙara shi sosai. Ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. Naka ya yi yawa. Shi ya taru a yatsanka, kuma yana iya matse ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini. In jini ya ragu ƙoda ta gaji, in ta gaji kuma sinadarin ya ƙara taruwa. Ƙwayoyin nan ma sun ƙara mata nauyi."

"Hanta ce fa kawai, likita."

"In ka ci gaba, wankin ƙoda ne a gabanka. Abin da ya rage muke son cetowa."

Muka karɓi magani muka kamo hanyar gida.

A gida na yi wa Batula bayani. Ta ce, "Ja'afar, wato da hannuna nake kashe shi?" Na rantse mata ba haka ba ne, amma ina! Abin da ta sani na ƙauna ke nan, an ce guba ne. Ta ba ni tausayi ƙwarai.

Yaya Dalhatu ya riƙe magani da shan ruwa har babbar Sallah ta zo. A gidanmu maigida ba ya cin komai ran layya sai an yanka rago, ya fara da hanta. Batula ta gasa, don ba ta san yadda za ta ƙi ba. Ta ajiye kwanon a gabansa, ta koma bakin madafa ta tsaya. Ni kuwa na shirya, in ya kai baki za a ji mu har dam ɗin Zobe.

Ya buɗe kwanon, ya daɗe yana kallo.

"Batula, zo. Wai ke kina son hanta kuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "A gidanmu har faɗa nake yi a kanta, Malam."

"Kuma ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba."

Ya tura mata kwanon, ya ce a kawo masa kunu. Ta zauna nan gefen tabarmarsa tana ci tana share hawaye, shi kuma ya zuba mata ido har ta cinye.