Kati Huɗu, Mutum Uku

Kwana tara ke nan da motar ta kife da su. Umma ta fito da karaya biyu a ƙafar hagu, mijinta kuwa bai fito da rai ba. Yaran suna gidan maƙwabciya a ranar, don haka ba su ga komai ba. Da 'Yar Baba, mai shekara shida, ta tambaya, sai Umma ta ji bakinta ya ce, "Baba ya yi gaba, za mu same shi a gida wurin Kaka." Ba ta shirya ƙaryar ba. Amma da ta fito sai ta zauna, kullum kuma sai an ƙara mata wata don ta tsaya da ƙafafunta. Auta, mai shekara uku, shi ko tambaya ba ya yi, sai dai ya ɗauki takalmin uban ya kai bakin ƙofa ya ajiye.

Uwar mijin ta ce a kawo mata ɗanta, ba za a binne shi a ƙasar da ba za ta iya zuwa kabarinsa ba. Aka yi ta takardu har aka gama. Akwatin zai shiga jirgi ɗaya da su, a ƙasa, inda ake loda kaya. Da safen tafiyar ƙanin mijin ya kira ta.

"Matar Yaya, kin gaya musu?"

"Zan gaya musu."

"Yau kwana nawa kina cewa za ki? Dangi duk za su zo filin jirgi, kin kuma san Inna ba ta iya riƙe kuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada yaran nan su ji a bakin mutane."

Awa goma sha uku ce tafiyar. Ta ce wa ranta a cikin awa goma sha uku ai ba za a rasa minti biyar ba.

Fasfo ɗinsu huɗu kullum a haɗe suke, mijin ne ya ɗaure su da roba tun haihuwar Auta, kuma duk inda suka je ita take miƙawa a dunƙule. Tikitin nan ma shi ya yanka musu tun wata biyu da suka wuce, za su je hutu, ba wanda ya tuna a soke nasa. Da suka iso gaban teburin awo, Auta yana birgima a ƙasa don an raba shi da ƙaramar motarsa, sai hannunta ya yi abin da ya saba. Ta miƙa ɗaurin gaba ɗaya. Ma'aikacin ya buga kati huɗu ba tare da ya ɗaga kai ba.

Wani dattijo ne yake tura ta a keken marasa lafiya, mutum mai surutu. Ya dubi ƙafar da aka ɗaure da siminti tun daga cinya har idon sawu, ta miƙe gaba kamar muciya, ya ce, "'Yata, wannan ƙafar ai da kin yanka mata tikitinta daban. Ita za ta riga ki sauka." Shi ya karɓi katunan ya miƙa a ƙofar shiga, aka goga su a na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta yi ƙara sau huɗu. Umma ta ji ƙarar ta huɗu. Ta buɗe baki, sai ta ga 'Yar Baba tana kallonta, ta rufe.

Kujerunsu huɗu ne a jere, a tsakiyar jirgi, can baya. Ta sa yaran a ciki, ta bar ta mijin ba kowa a tsakaninta da su, ita ta zauna a bakin hanya don ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Jirgi ya tashi. Ba a yi awa ɗaya ba mutum uku suka yi tuntuɓe da simintin, sannan keken abinci ya zo ya buge shi. Ta ji zafin har cikin haƙoranta. Ba ta yi ƙara ba, amma hawaye ya zubo da kansa.

Ma'aikaciyar jirgin da ke tura keken, wata mai wushirya, ta durƙusa kusa da ita.

"Sannu Hajiya, ki yafe ni. Wannan ƙafar ba za ta kai awa goma sha biyu a kan hanya ba. Akwai kujera ɗaya a gaba da ba kowa, irin mai kwanciya, zan roƙar miki. Dokarmu dai ba a barin yara su kaɗai." Ta duba 'yar na'urar da ke hannunta, ta yi murmushi. "A'a, ashe da babansu kuke. To ai shi ke nan. Ya zaga banɗaki ne?"

'Yar Baba ta ɗago kai daga littafin zanenta.

Nan ne wurin faɗar gaskiya, Umma ta sani. Amma a ce a gaban baƙuwa, a kan hanya, da keken abinci a tsaye mutane suna jira? Ga ƙafar tana bugawa kamar ana daka a ciki. Ta ce a ranta, awa ɗaya kawai, in miƙe ƙafar, in sha magani, in dawo in zaunar da su.

"Eh," ta ce.

Aka kawo mata sandunanta. Ta ce wa 'Yar Baba ta kula da ƙaninta, kada ta kwance masa bel. Yarinyar ta ce to, ba ta ma dube ta ba, kujerar da ba kowa take kallo.

Bayan labule wata duniya ce. Ba kukan yara, ba warin abinci. Aka ba ta tawul mai ɗumi ta goge fuska, aka danna wani abu kujerar ta miƙe ta zama gado, aka sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafar. Ta haɗiye ƙwaya biyu. Tana cikin tsara yadda za ta fara maganar, ko ta ce ya rasu ko ta ce Allah ya ɗauke shi, barci ya yi gaba da ita.

Da ta farka, an rufe tagogi duka, amma hasken rana yana tsiyayowa ta gefensu, fari fat, kamar yadda ta bar shi. Jirgin rana yake bi, ta ƙi faɗuwa. Ta duba agogo. Awa goma sha ɗaya ta yi tana barci.

Mai wushirya ta zo da ruwa a kofi.

"Kin tashi? Kai Hajiya, kin biya bashin barci. Yaranki kuwa 'yan albarka, ko uffan ba su ce ba."

"Suna ina? Wa ke wurinsu?"

"Babansu mana. Shi dai maigidan naki bai ci komai ba, na yi na yi. Shayi kawai ya karɓa, ba madara, sukari uku. Na ce masa Alhaji, ciwon suga fa ba ya sallama, ya yi dariya."

Umma ta riƙe kofin da hannu biyu. Shekara goma sha ɗaya tana haɗa shayin nan.

"Kin gan shi da idonki?"

"Ah ah. Ba mai tabo a girar dama ba? Sanyi dai yana damunsa, bargo uku na kai masa, da na miƙa masa kofi na taɓa hannunsa kamar ƙanƙara. Na so in tashe ki da aka raba abinci, ya ce a bar ki, kwana tara ba ki runtsa ba."

Umma ta ajiye kofin. Ta laluɓo sandunan. A lokacin jirgin ya fara girgiza, fitilar ɗaura bel ta kama, mai wushirya ta ce, "Hajiya ki zauna tukuna, sai ya lafa." Ba ta saurare ta ba. Ta ture labulen da kafaɗa.

Ba ta san jirgin yana da tsawo haka ba. Mutane duk sun yi barci da rana tsaka, wasu sun rufe ido da baƙin ƙyalle, bakuna a buɗe, kawuna sun karkace. Ba wanda ya motsa da ta wuce. Sanda, ƙafa, ta ja simintin. Yatsunta na hagu a waje suke, ba takalmi, suna shafar darduma, kuma duk layin da ta wuce sai ta ji ƙasan ya ƙara sanyi. Ta san abin da ke ƙarƙashin dardumar. Ta ga lokacin da aka ɗaga shi da injin loda kaya, tsakanin buhunan wasiƙu da wani keji.

Ta iso layinsu.

Kujerar mijin ba kowa. An ɗaura bel ɗinta, a sake, daidai faɗin cikin babban mutum. Barguna uku suna kai, sun lotsa a tsakiya. A kan ɗan teburin ga kofin shayi cike, ya huce, ga takardun sukari uku an yage su. Auta yana barci, kansa ya jingina gefe a kan iska, bai taɓa komai ba, kuma bai faɗi ba.

'Yar Baba idonta biyu. Da safe Umma ta kama mata gashi gida biyu. Yanzu gida ɗaya ne, a karkace, robar ta kusa kunne.

"Umma, kin yi barci?"

"Wa ya taɓa miki kai?"

"Baba. Har yanzu bai iya ba." Ta yi 'yar dariya. "Na ce masa ya ja min, ya ce yatsunsa ne suka ƙage."

"Ina yake?"

"Ya koma ƙasa. Ya ce wurinsa ba fitila, amma dole ya riƙa komawa." Yarinyar ta ci gaba da shafa launi a littafinta. "Ya ce ke kika ce za mu same shi a gida. To ya ce in jirgi ya fara sauka ba ki dawo ba, zai zo ya ɗauke mu, ni da Auta. Ya san wata ƙofa, ba sai mun bi layi ba."

Umma ta ji kunnuwanta sun toshe. Ba tsoro kaɗai ba ne, jirgin ne ya fara yin ƙasa.

Ta jingina sandunan, suka zame suka faɗi, ba ta bi ta kansu ba. Ta kwance bel ɗin mijin, ta ture bargunan, ta zauna a kujerar. Sanyinta ya ratsa zaninta har ƙashi. Ta jawo Auta ta ɗora kansa a cinyarta mai lafiya, ta kama hannun 'Yar Baba ta karɓe fensirin.

"Dube ni. Na yi miki ƙarya."

Yarinyar ta dube ta.

"Baba bai yi gaba ba. Ranar da na karye, motar ta kife da mu. Ni na karye, shi ya rasu. Ya mutu, 'Yar Baba. Gawarsa tana cikin akwati a ƙarƙashin jirgin nan, za mu kai wa Kaka a binne shi. Ba za mu same shi a gida ba. Ba zai ƙara zuwa ba."

Duk kalmomin da ta tsara masu taushi ba ko ɗaya da ta zo. Waɗannan ne suka zo.

'Yar Baba ta kai hannu ta taɓa gashinta.

"To wa ya ɗaure min?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma ko wa ya kira ki, ko da muryar wa, ba inda za ki. Kina ji na? Ni za ki bi."

Sai kukan yarinyar ya ɓalle, irin wanda Umma ta kwana tara tana gudu, mai fitowa daga ciki. Auta ya farka ya tarar ana kuka, ya kama nasa. Mutane suka fara cire ƙyallen idonsu, wani ya yi tsaki, wata tsohuwa a layin gefe ta miƙo alewa ba ta san me ake ciki ba. Umma ta rungume su biyun, ta bar su suka yi.

Mai wushirya ta iso da sauri, tana dafa kujeru.

"Hajiya lafiya? Ina Alhajin? Sauka za mu yi, dole kowa ya zauna."

"Mijina ya rasu kwana tara da suka wuce. Yana ƙasa cikin kayanku. Ni na miƙa fasfonsa da namu, laifina ne. Ki cire sunansa."

Matar ta dubi Umma, ta dubi bargunan da ke ƙasa. Ta ɗago na'urarta, sai da ta danna sau uku kafin ya shiga. Ta ɗauki kofin shayin don ta naɗe teburin, sai ta tsaya da shi a hannu kamar ba ta san inda ake kai kofi ba. Ba ta sake cewa a koma gaba ba. Ta tsuguna ta gyara wa Umma ƙafar a bakin hanya, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Aka ce a buɗe tagogi. Haske ya cika jirgin. Kukan yaran ya koma shessheƙa. Can sai wani abu ya buga a ƙarƙashin ƙafafunsu, da ƙarfi, sau biyu, har kujerar ta amsa.

'Yar Baba ta ɗago da jajayen idanu.

"Umma, shi ne?"

"Tayoyi ne suke fitowa," in ji Umma.

Ta riƙe wuyan hannun yarinyar da dama, na Auta da hagu, ta matse har sai da Auta ya ce tana ji masa ciwo. Ba ta sassauta ba.