Gyaran Abdulkabir

Kamaruddeen ya zare tsohon katin daga cikin na'ura, nan take sabis ya ɗauke daga wayarsa. Haka aikin yake. Duk turakun waya na wannan yanki na Bagwai a kan zaren faiba ɗaya suke rataye, mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, kuma zaren ta wannan ɗan ɗakin ƙarfe ya bi, a tsakiyar gonakin dawa. Motar kamfani ta ajiye shi tun hantsi ta wuce wani aikin.

Bai so zuwa ba. Da safe matarsa Ramlat ta tashi da ciwon mara, ga shi watan haihuwarta bai kama ba. Ƙanwarta Asiya ta tafi da ita asibiti.

"Ka dai bar wayarka a kunne," in ji Ramlat a bakin ƙofa.

"Ni da nake ba mutane sabis? Ɗan lokaci kaɗan zai ɗauke, ya dawo."

Aikin ba wuya. Layin yana kan OC-3 ne, megabit ɗari da hamsin da biyar, za a ɗaga shi zuwa OC-12, ɗari shida da ashirin da biyu. Ninki huɗu ke nan. Injiniya Fauziyya za ta sauya nata katin a ofishinsu na Rijiyar Zaki a Kano, shi ya sauya nasa a nan. Sharaɗin kawai shi ne bakin biyu su zo daidai, in ba haka ba haske zai iso amma ba mai gane wani.

Ya zura sabon katin. Fitila ta kawo ja, ta tsaya a ja. Ya goge bakin zaren ya mayar, ja. Sai a lokacin ya ɗaga katin ya karanta jikinsa, abin da ya kamata ya yi tun a Kano da hankalinsa na tare da shi. STM-16.

Na'urorin nan da lambar OC suke, kayan sito kuwa da lambar STM ake sayo su. Raba OC gida uku, ka sami STM. Sha biyu a raba uku, huɗu. STM-4 yake bukata. Wannan na hannunsa OC-48 ne, ya fi ƙarfin layin nesa ba kusa ba. Ya mayar da tsohon katin ko Allah zai sa, amma Kano ta riga ta sauya nata. Ja.

Ya fito ya zauna a inuwar ɗakin. Gajiya ta taso masa tun daga ƙafa, irin ta wanda ya shekara goma yana bin zare a daji. Ya yi tunanin takawa zuwa titi ya nemi sabis, amma da nisa, kuma in aka kawo kati ba ya nan, ƙauyukan nan duka za su kwana shiru. Ya ce wa kansa ciwon mara ne kawai. Ya yi azahar a gefen kunya, ya yi la'asar a wurin, yana ta duba wayar da ya san babu komai a cikinta.

Rana ta yi sanyi sannan ya ji ƙarar babur. Abdulkabir ne mai kula da sito, tsohon ɗan kasuwar hatsi da aka ɗauka aiki bara, wandonsa duk taɓo.

"Injiniya ta ga ja, ta tambaye ni me na ba ka, ta ce in kawo maka mai lamba huɗu," in ji shi. "Malam Kamaruddeen, ka ce sha biyu. Na duba, akwai ɗaya, akwai huɗu, akwai sha shida. Ya za a yi mutum ya nemi sha biyu in ba shi huɗu? Sai na ce bari in yi maka gyara."

Kamaruddeen ya dube shi. Mutumin da zuciya ɗaya ya yi, yadda ya saba ƙara wa mai sayen gero a kan mudu. Ko ƙarfin faɗa ma babu.

"Kawo huɗun," ya ce.

Ya zura. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma kore. Wayar da ke aljihunsa ta hau rawa, saƙonnin wuni guda suka zubo a tare, duk daga Asiya.

"Yaya, likita ya ce sai an yi wa Ramlat aiki yanzu, ana neman izininka."

"Yaya ka ɗauka mana."

"An ce ita ma za ta iya sa hannu. Ta ce a jira ka, wai ka ce yanzu sabis zai dawo."

"Ta galabaita, ta sa hannu. An shiga da ita."

"An fito. Tana nan da ranta. Yaron bai zo da rai ba. Namiji ne."

Ya karanta na tsakiyar sau biyu. Ya yi salati a hankali, ya jingina da na'urar da ke ta huci. Abdulkabir na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran a ce aiki ya yi kyau.

Wayar ta sake ƙara. Fauziyya ce, muryarta tangaran kamar tana cikin ɗakin.

"Ya hau, Malam Kamaruddeen. Ɗari shida da ashirin da biyu cif. Ka ga saurinsa kuwa?"

"Na gani," ya ce.

Ya kashe kiran, ya miƙa wa Abdulkabir hannu.

"Ba ni makullin babur ɗin."