Shatin Hannun Indo

Malam Hussaini ya fito da buta a hannu, ya tsaya cak a ƙofar zaure. Inda tsohuwar jif ɗinsa take fakewa babu komai sai sawun tayoyi da ɗigon baƙin mai a ƙasa.

"Mahbuba, ina motar?"

Matar ɗansa ta leƙo daga madafi tana ɓoye dariya da gefen mayafi. "Baba, an ce kada a faɗa. Abban Zakiyya ne ya kai ta wajen Kamilu makanike tun da sassafe. Wai robobin jikinta duk rana ta cinye su, za a mayar musu da baƙinsu kafin a tafi suna Aujara gobe."

"Duka robobin?"

"Duka mana. Ya ce sai an ɗauka sabuwa ce."

Ya ajiye butar a nan inda yake. Ko hula bai koma ya ɗauka ba, ya bi lungun Limawa har bakin titi, ya tsayar da adaidaita sahu.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana shiga rugage da motar nan, lokacin yana malamin dabbobi. Rana ta dafa baƙar robar jikinta har ta koma launin toka, in ban da wuri ɗaya. A gefen dama, tsakanin ƙofar gaba da ta baya, akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi, faɗin tafin hannu, har ana iya ƙirga yatsu huɗu. Nan matarsa, marigayiya Indo, take dafawa in za ta hau. Motar doguwa ce, ita kuma gwiwarta ta daɗe da lalacewa, hannunta kuwa ba ya rabuwa da man kaɗanya. Shekara da shekaru man yana shiga robar, har rana ta kasa cin wurin.

Shi kuwa yana zaune a bayan sitiyari yakan ji nishinta, ya kawar da kai yana gyara madubi. A gidan da ya tashi, namiji ba ya riƙe hannun matarsa a gaban mutane. Sau ɗaya ta taɓa cewa, cikin wasa, "Malam, motar nan ta fi ka tausayina." Ya yi dariya ya tayar da inji. Tun rasuwarta bara, kullum da safe in ba kowa sai ya ɗora tafinsa a wurin kafin ya wuce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ɗan ƙara wuta, yaro," ya ce da mai adaidaitan.

"Baba, asibiti ne?"

"Layin makanikai."

Ya hango motar tun daga nesa, a ƙarƙashin rumfar kwano. Bambar gaba ta yi baƙi wuluk. Robobin saman tayoyi ma haka. Kamilu, wani gajere mai tsumma a kafaɗa, yana riƙe da na'ura mai hura iska mai zafi, yana bin robar gefen dama a hankali. Duk inda zafin ya taɓa, tokar sai ta narke ta koma baƙi.

"A'a, ga mai ita da kansa!" Kamilu ya kashe na'urar ya rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Amaryar taka ce muke wa lalle. Wallahi in ta shiga Aujara gobe sai an yi mata guɗa."

Misbahu ya taso daga benci yana sosa ƙeya. Shi ne ɗan farin Malam Hussaini, don haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya kuma yawan haɗa ido da shi.

"Mahbuba ta tona ni ke nan," in ji Misbahu. "So na yi sai dai kawai ka gani, Baba."

Malam Hussaini ya zagaya gefen dama. Robar da ke tsakanin ƙofofin baƙa ce daga sama har ƙasa, sumul, tana ɗaukar ido. Ya sunkuya, ya karkata kai ta inda haske yake zuwa. Babu yatsa ko ɗaya.

"Nan ne ya fi ba ni wahala," Kamilu ya ce yana nunawa da tsummansa. "Wani maiƙo ne ya kama wurin, sai ka ce mai ƙosai ce take jingina. Sau uku na wanke da omo kafin na sa wuta. Amma duba yanzu, ko mai ita ba zai gane wurin ba."

"Haka ne," in ji Malam Hussaini.

"Ta yi, Baba?" Misbahu ya tambaya. Yana tsaye hannuwansa a baya, kamar ranar da ya kawo sakamakon jarrabawarsa ta firamare.

Malam Hussaini ya buɗe baki. Ya dubi rigar ɗansa, duk ta ɓaci da baƙin mai, alamar shi ma ya sa hannu a aikin.

"Ta yi kyau. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba. Shiga mu tafi gida, rana ta yi. Ni zan ja."

Misbahu ya buɗe masa ƙofar dama. Malam Hussaini bai taɓa shiga motar nan ta wannan gefen ba. Ya ɗaga ƙafa, ya ji matakin ya yi masa nisa, gwiwarsa ta ƙi. Ashe haka tsawonta yake. Hannunsa ya nufi robar da kansa.

"Kada a taɓa, Baba!" Kamilu ya yi tsalle. "Da zafi har yanzu, zai bar shati."

Hannun ya tsaya a iska. Makanikai biyu sun ɗago kai daga wata mota suna kallo. Misbahu ya matso, ya miƙo tafinsa a buɗe, idonsa a ƙasa.

Malam Hussaini ya daɗe yana kallon tafin. Sannan ya kama shi, ya riƙe da ƙarfi, ya hau.